Zariya Ba Ta Riƙe Bindiga

Houston, jihar Texas,
Amurka.

Zuwa ga bawana ɗan Goggo,

Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da Goggo da maiɗakinka da yara baki ɗaya. Yaya kasuwa, yaya zafi, yaya kuma tumbi? Hoton suna ya iso. An ce wai in duba tsakiya zan gan ka, na ce ai ba sai an faɗa ba, tunda ga mutum uku can an matse su a gefe, rabin fuskarsu kaɗai ya samu shiga. Allah ya raya yaro, ya sa ya ɗauko hankalin gidanmu, ya bar muku ci.

Saƙon muryarka ma ya iso. Gaisuwa ta ci kalma biyu, sauran duk bindiga. Wai ka ji an ce a Texas har mai shayi da tasa yake yawo, saboda haka in dubi zumunci in aiko maka da 'yar ƙarama irin ta 'yan fim, kuma ba ka bukatar komai tare da ita, za ka soke ta a zariya ka saki riga. Da na kunna wa uwargida sai da ta ajiye ludayi ta nemi kujera don dariya. Ta ce in tambaye ka, ba kai ne ka haye katangar Baba ranar da tayar babur ta fashe a ƙofar gida ba? Ta ce har yanzu takalminka ƙafa ɗaya yana bayan ɗakin kaji.

To amma tunda ka tambaya zan ba ka amsa ta gaskiya, domin maganar zariyar nan ta tsaya mini a rai. Irin wannan dabarar ta gurgunta maza a ƙasar nan, wasu ma ta kai su kushewa.

Abin da ka ji ba ƙarya ba ne. Tun 1791 tsarin mulkin Amurka ya ba mutane 'yancin mallakar makami. A 1995 George W. Bush, lokacin yana gwamnan Texas, ya sa hannu a dokar da ta ba mai lasisi damar ɗaukar ƙaramar bindiga a ɓoye. A farkon 2016 aka yarda ya ɗauke ta a fili. Daga 1 ga Satumban 2021 kuma, bayan Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, wanda duk ya kai shekara 21, in dai ba shi da laifin da ya haramta masa, yana iya ɗauka ko ba lasisi. Duk da wannan sakin da aka yi, akwai abu ɗaya da dokar ta ƙi saki: in har ido zai ga bindigar, to dole a cikin kube take. Kuma kada ka ɗauka kowa ne ake sayar wa. Mai bizar ziyara ko ta karatu galibi ba shi da hurumi, sai ɗan ƙasa ko mai katin zama na dindindin, shi ma in a shago zai saya sai an cike takarda an bincika sunansa a rumbun hukumar FBI. Kai da ko fasfo ba ka da shi, lissafa da kanka.

Ni na je na yi lasisin duk da ba a tilasta ba. Darasi ne na awa huɗu zuwa shida, da jarrabawa a takarda, da gwajin harbi, da ɗaukar hoton yatsu, da dala 40 ga hukuma. Ka san shagon kayan abincin gida da muke da shi a kudu maso yammacin gari, inda 'yan Najeriya suka fi yawa. Sai dare ya raba nake rufewa, in fito da cinikin yini in ratsa filin ajiye motoci ni kaɗai. Dalilina ke nan, ba gayu ba. Hajiya ta sani, da bakina na gaya mata. Malamin da ya koyar da mu, wani dattijo ne tsohon ɗan sanda, ya ce sayen bindiga aikin yini ɗaya ne, amma inda za ka sa ta da abin da zai riƙe ta shi ne aikin shekara. Ya ce kusan kowane mai ɗauka a garin nan yana da kwali guda a gida cike da kubben da ya saya ya kasa amfani da su.

Bari in ba ka labarin wanda ya riga ka dabarar sokewa. Sunansa Plaxico Burress, ɗan wasan ƙwallon Amurka, irin wadda ake rungumewa a ruga da ita, a ƙungiyar New York Giants. A farkon 2008 shi ne ya cafe ƙwallon da ta ba su kofin ƙasa. Kafin shekarar ta fita, a watan Nuwamba, ya shiga wani gidan rawa a New York da Glock soke a ƙugun wando, ba kube. Ta zame ta yi ƙasa, ya kai hannu zai tare, yatsa ya faɗa kan kunama, ta tashi a cinyarsa. Allah ya yi da sauran kwana. Daga asibiti sai kotu, domin New York ba Texas ba ce, aka yanke masa ɗaurin shekara biyu. Mutumin da ake biya miliyoyin dala don ya iya cafe abu ke nan. To ina ga kai, da ko lemo aka jefo maka sai ya sauka a goshi?

Dalilin shi ne, yawancin ƙananan bindigogin da ake ɗauka yanzu, irin su Glock 19 ƙirar Ostiriya, ba su da wani maɓalli a gefe da za ka murɗa ka kulle su. Kariyarsu a jikin kunamar take da cikin inji. In ba a ja kunama ba, ko faɗuwa ta yi ba za ta tashi ba. In kuwa aka ja ta da ƙarfin da ya kai wajen kilo biyu da rabi, magana ta ƙare. Ita kuma ba ta tambayar wanda ya ja. Ko yatsa ne, ko makullin mota, ko bakin riga, ko kan zariyar nan taka da kullum take lilo har gwiwa, duk ɗaya ne a wurinta. Saboda haka aikin kube na farko shi ne ya rufe kunama da zoben da ya kewaye ta ruf, ta gefe biyu, da abu mai tauri wanda ko ka danna da babban yatsa ba zai lotsa ba. Kuben da bai yi wannan ba, ko da zinare aka yi masa ado, jaka ce kawai.

Amma kafin kube, bel. Nan ne sabon shiga ya fi yin rowa, kuma nan ne abin yake lalacewa. Glock 19 in an cika ta da harsashi 15 tana kai wajen giram 850. Ko SIG P365, 'yar ƙaramar da ta fito a 2018 jama'a suka yi mata ca, rabin kilo ce tun ba a sa mata komai ba. Ka ɗauki wannan nauyi ka rataya a gefe ɗaya na bel ɗin gayu, irin wanda kake saya a hannun masu talla a danja, ka ga abin da zai faru. Ka taɓa ganin jakin da aka cika wa mangala gefe guda? Haka wandon zai karkace, mariƙin bindigar ya kwanto waje yana nuna kansa ta cikin riga, kai kuma kana tafe kana jan wando sama kowane taku goma. Mai lura yana ganin hannun nan da ke yawan komawa ƙugu ya san abin da ke wurin. Kafin la'asar kwankwaso ya riƙe, domin za ka yi ta tamke bel ɗin don ya daina saki. Mafi muni, ranar da aka zo zarewa sai kuben ya biyo bindigar sama, su fito tare.

Bel ɗin bindiga ba ya lanƙwasa ta faɗinsa. Ka kama gefensa na sama da na ƙasa da yatsu biyu ka matse, in ya naɗe to ajiye shi. Faɗinsa inci ɗaya da rabi, kusan santimita huɗu, domin da wannan awon ake ƙera yawancin maƙalan kube, kuma yana shiga madaukan wandon jins. In bel ya fi maƙali siranta, kuben zai riƙa zamewa gaba da baya. Na fata, fata biyu ake haɗawa a manne a ɗinke. Wasu masu ƙira suna sa siririn ƙarfe ko roba a tsakiya. Akwai kuma na nailan mai kauri, da wani mai haƙora a ciki maimakon huda, wanda ake matsawa kwata-kwatan inci. Wannan na ƙarshe yana da daɗi, domin cikin mutum kafin tuwo daban, bayan tuwo daban, sai ka sassauta haƙori biyu ba wanda ya sani. A wurinka kam sai dai a sassauta bel ɗin gaba ɗaya a rataye shi a ƙusa. Ni ban son mai ƙarfe a ciki. Yana riƙe nauyi sosai, amma in ka zauna a mota ko ka yi ruku'u sai ya tokare ƙashin ƙugu. Fata ninki biyu ta ishe ni, kuma da ganinta ba wanda zai ce ba bel ɗin zuwa ofis ba ne. Abin da ake so ke nan. Bel mai ƙaton kan ƙarfe irin na sojoji shela ce. In kuma a cikin wando za a sa kuben, sai a ƙara inci biyu a awon wandon da na bel ɗin, domin baƙon da aka yi yana bukatar wurin zama.

Shi kube, yawanci fata ce ko Kydex. Kydex wata roba ce mai tauri da aka fara yi a 1965 don cikin jiragen sama. Ana gasa ta ta yi laushi, a danna ta a jikin samfurin bindigar, ta huce da siffarta daidai. Shi ya sa kowace bindiga da nata kube, na Glock 19 ba ya yi wa SIG, kuma duk wanda aka rubuta a kwalinsa wai yana shiga kowace iri, ka wuce shi. In ka tura bindiga a na Kydex za ka ji ƙas, ta zauna. Akwai noti a gefe da ake ɗaurewa ko a sassauta, gwargwadon riƙon da kake so. Gwajin da malaminmu ya nuna mana mai sauƙi ne: a cire harsashi duka, a duba a sake dubawa, a sa ta a kube, a kifa shi a kan katifa a ɗan girgiza. In ta faɗo, riƙon bai yi ba. Kuɗinsa galibi daga dala 50 zuwa 100, bel mai kyau ma kusan haka. Na san yanzu ka ɗauko waya kana bugawa da naira, ajiye, hawan jini bai dace da mai sabon jariri ba.

Fata ta fi daɗi a jiki, ba ta ƙara, kuma ta fi kyan gani. Kamfanoni irin su Galco na garin Phoenix sun daɗe suna yin masu kyau. Sai dai Houston gari ne mai zafi da laima. Zafin Kano busasshe ne, ka shiga inuwa ka huta, na nan kuwa daga Yuni zuwa Satumba kafin ka kai mota singileti ta jiƙe. Fata tana shan gumi, gumi yana kawo tsatsa, kuma in ta tsufa ta yi laushi bakinta yana iya naɗewa ciki ya taɓa kunama lokacin mayarwa. Mai son fata sai ya nemi wadda aka ƙarfafa bakinta, ya riƙa dubawa, in ta saki ya yar. Wasu sun fi son fatar doki domin ta fi ta saniya jure gumi. Ni kuma kafin in sayi duk wani abin fata a ƙasar nan sai na tambayi ta mece ce, domin suna shafen cikin takalma da safar hannu da fatar alade. Akwai kuma mai haɗi, fata ta ɓangaren jiki, Kydex ta waje. Na zaɓi Kydex zalla mai ɗan tsawo ta ɓangaren jiki, don ƙarfe kada ya taɓa fata ta, in sa singileti a ƙasa.

Wani abu da zai faranta maka rai: masu yin kube na ƙwarai ba sa amfani da fatar da aka jeme da sinadarin masana'anta, domin gishirinsa yana cin ƙarfe. Jimar itace suke nema. Wato abin da majemanmu suke yi da bagaruwa tun kaka da kakanni, shi ne a nan ake sayarwa da tsada.

Sai inda za a ɗaura. A nan da agogo suke kwatance: cibiya ƙarfe 12, ƙugun dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Ƙarfe 6 ka manta da shi, in ka zame ka faɗi ta baya ƙarfe ne zai tari ƙashin bayanka, ga shi ba ka ganin abin da hannunka yake yi a can. Na hammata, wanda ya ruɗe ka a fim, sai da kwat a sama, kuma wa zai sa kwat a Houston a watan Agusta? Na idon sawu yana da nisa, kafin ka durƙusa an gama. Na aljihu yana yi wa 'yar mitsitsiya, da sharaɗin aljihun nata ne ita kaɗai, ba makulli, ba canji, ba goro.

Gardamar gaske tsakanin wuri biyu take. Matasa sun fi son gaba, wajen ƙarfe 1, kan mara. Yana ɓoyuwa ko a ƙarƙashin 'yar shat, hannu yana isa da sauri, ko kana zaune a mota, kuma ba wanda zai taɓa ta ta baya ba ka sani ba. Amma bakin bindigar yana kallon cinya, inda babbar jijiyar jini ta bi, da kuma wurin da Goggo take sa ran ƙarin jikoki. Kuskure a nan ba ya ba da lokacin kaiwa asibiti. Ban da haka, wurin yana son shafaffen ciki. Kai in aka sa maka a nan, sai an nemo yara biyu su ɗaga tumbin kafin a gano inda ta shiga. Dattawa sun fi son bayan ƙugu kaɗan, tsakanin ƙarfe 3 da 4, a ɗan karkato mariƙin gaba don ya kwanta a jiki. Ya fi daɗin tsayuwa da tafiya, sai dai in ka sunkuya ɗaukar kwali mariƙin yana turo riga.

Ni abin da ya raba mini gardama salla ce. Ba'amurken da ya ƙera kube bai san da ruku'u ba, bai san da sujada da zaman tahiya ba, balle tsugunnon alwala. Mu kuwa sau biyar a yini muke naɗe jiki. Na kan mara yana tokare ciki a sujada, a zaman tahiya kuma ya danne cinya. Na bayan ƙugu ba ya hana komai, illa dai rigar ta zama mai tsawo, don kada ka yi ruku'u na sahun baya ya ga abin da zai ɗauke masa hankali daga sallarsa. A nan na tsaya. Duk ɗan'uwa Musulmi da ya tambaye ni a shago, ina ce masa kafin ya yarda da kube ya sa shi a gida, da bindiga ba harsashi, ya yi duk motsin salla, ya zauna a kujerar mota, ya ɗaure takalmi, ya ɗauki yaro. Wanda ya matsa maka, mako biyu za ka yi ka fara barinsa a aljihun mota, kuma motoci ne ɓarayin garin nan suka fi fasawa neman bindiga. Shiga masallaci da ita kuwa, doka ta bar wa shugabannin kowane wurin ibada su yanke, abin da suka ce shi ake bi.

Duk wannan da ƙananan kaya nake magana. Manyan kaya wani babi ne. Wajen ɓoyewa ba abin da ya kai kaftani, ko tukunya ka ɗaura ba mai gani. Wajen isa gare ta kuwa, sai ka tattare yadi tun daga gwiwa. Ga wandon ba madauki, zariya ce. Wani ɗan'uwa Bazazzagi a nan ya sa tela ya yi masa wandon shadda mai madaukan bel, aka kuma buɗe aljihun rigar ta ciki yadda hannu zai wuce kai tsaye. Dabara ce mai kyau, amma yawan yadi kusa da kunama abin tsoro ne. Mayar da bindiga cikin kube shi ne lokacin da aka fi harbin kai, domin a nan ne igiyar rigar sanyi ko gefen riga ke shiga tare da ita. Ƙa'idar ita ce a janye riga da ɗaya hannun, a duba da ido, yatsa a miƙe a waje, a tura a hankali, in an ji tokare a tsaya. Shi ya sa bakin kube dole ya tsaya a buɗe da kansa. Ranar Juma'a da ranar Idi ni dai ina sa kayana in bar ta a kulle a gida.

Akwai kuma wuraren da ba a shiga da ita ko kana da lasisi: makaranta, kotu, rumfar zaɓe, bayan shingen bincike a filin jirgi, da mashayar da aka manna wa jan allo mai 51%. Masu shaguna ma suna da ikon hanawa, sai su kafa allo mai lambar sashen doka, 30.05 ko 30.06 ko 30.07. Saboda haka kube mai maƙali ya fi, domin za ka cire shi da bindigar a ciki, kunama a rufe, ka sa a akwatin ƙarfe da aka ɗaure da waya a ƙarƙashin kujera. Ba a zare ta tsirara a cikin mota.

A fili kuwa ba na ɗauka, ko da doka ta yarda. 'Yan sanda da suke yi, kubbensu irin na Safariland suna da makulli da sai an danna da yatsa, don kada a fizge ta baya. Ban da wannan, ni baƙar fata ne, ga gemu, ga hula. A watan Yulin 2016, a jihar Minnesota, ɗan sanda ya tsayar da wani baƙar fata mai suna Philando Castile a mota. Yana da lasisi, kuma da bakinsa ya gaya wa ɗan sandan cewa akwai bindiga a jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙu aka harbe shi, budurwarsa tana gefe, 'yarta mai shekara huɗu tana kujerar baya. A 2017 kotu ta sallami ɗan sandan. Ba na mantawa da wannan. Bindiga tana dama, to walat da lasisi suna hagu, takardun mota suna maƙale a sama inda ake kare rana. In an tsayar da ni, gilashi ƙasa, fitilar ciki a kunne, hannu biyu kan sitiyari, ba na motsi sai an ce in motsa. Wurin da ka ɗaura kube shi ne yake gaya maka inda hannunka ba zai je ba a gaban hukuma.

A gida, daga ƙugu sai akwati mai lambobi, ba ta kwana kan tebur ko ƙarƙashin filo. Dokar Texas tana hukunta wanda ya bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta, amma ko ba doka, ka san 'ya'yanka na nan, ba abin da ba sa buɗewa. A 2021 kaɗai fiye da mutum 48,000 bindiga ta kashe a Amurka, kuma fiye da rabinsu da hannunsu suka yi. Ba abin sha'awa ba ne, ɗan Goggo. Kullum na ɗaura sai na roƙi Allah in kwance ta da dare yadda na ɗaura ta.

Yanzu amsarka: ba zan aiko ba. Fitar da ita daga nan ba izini laifi ne babba, shigar da ita can ma haka. A Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959, fistol da libarba suna cikin haramtattu, lasisinsu sai da izinin shugaban ƙasa. Sufeto Janar na 'yan sanda ne yake ba da na bindigar farauta, kwamishina kuma na bindigar gargajiya. Wanda aka kama da fistol ba takarda, ɗaurin shekaru ne, kuma ni ba ni da ƙarfin kai maka tuwo gidan yari gwargwadon cikinka. Na san abin da ya sa ka tambaya, kuma ban raina shi ba. Na san yadda gabanka yake faɗuwa in za ka bi hanyar Funtuwa zuwa Gusau, ko ta Birnin Gwari, na kuma tuna jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare a watan Maris na 2022. Muna nan amma zukatanmu suna can. Sai dai fistol ɗaya ba ta tare mutum talatin a kan babura da AK-47, illa ta sa su fara da kai. Ka riƙa fita da rana tsaka, ka tambayi direbobin tasha labarin hanya kafin ka hau, kayan da za a iya aikowa a aiko maka, ka rage zuwa da kanka.

Aikin da zan ba ka shi ne wannan. Ka shiga kasuwar Kurmi wurin dukawa, ka nemi dattijo mai hannu, ya yi mini bel. Ƙirgin sa nake so, jimar bagaruwa, ba jar fatar akuya ba, ita ta yi laushi da yawa. Ninki biyu, a manne a bi da ɗinki layi biyu da zare mai ƙarfi. Faɗi inci ɗaya da rabi cif, kada ya ƙara ko ƙwayar gero, in ya ƙara ba zai shiga maƙali ba. Daga inda kai zai zauna zuwa hudar tsakiya inci 38, huda bakwai, tsakanin kowace da 'yar'uwarta kashi uku cikin huɗu na inci. Kan ƙarfen a nan zan sa, ya bar mini wurin naɗi kawai. Launin ƙasa mai duhu, ba zane, ba tuntu. Da tef za a auna, kada ka ce a gwada a ƙugunka, ba igiyar rijiya na ce a yi mini ba. Kuma don Allah kada ka buɗe baki a tsakiyar kasuwa ka ce na bindiga ne, ka ce bel ne na mai ɗaukar kaya, gaskiya ka faɗa. In an gama ka kai wa Hajiya, akwai mai zuwa bayan Babbar Salla.

Ka gaishe mini da Goggo da kyau, ka ce maganin ƙafarta yana hanya. Ka gaida Baba da Hajiya, da maijego, da duk wanda ya tambaye ni. Uwargida da yara suna gaisuwa. Na tura kuɗi kashi biyu, babban na baduku ne, ƙaramin kuɗin shararka ne na bana, tun kafin watan cika-ciki ya kama ka fara cika mini waya. Kada ka haɗa su, zan tambayi Hajiya nawa aka biya.

Wassalam.

Ubangidanka,
ɗan Kawu.